Amsa ga mai tambaya kan yarinyar da ke firgita da allura

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya. Na ga tambayarki tun da safe, cewa 'yarki mai shekara uku ba a iya ɗibar jininta ko a sa mata ƙarin ruwa sai mutum uku sun danne ta, har ta kai ko farar riga ta hango sai ihu. Sai yanzu na samu zama. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, uwar mai sikila ce a nan Pantami, Gombe. Yarona shekararsa tara yanzu, bayan hannunsa babu inda kanula, wato abin da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, ba ta shiga ba.

Na daɗe kafin na gane cewa dannewar nan ta fi allurar ciwo a wajen yaro. Yana shekara huɗu, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, aka kwantar da shi rigingine, ni na riƙe ƙafafu, kawunsa ya danne kafaɗu, aka soka sau biyar ba a samu jijiya ba. Da muka koma gida kwana biyu ba ya yarda in taɓa shi. Ba da nas ɗin yake fushi ba, da ni yake.

Wata dattijuwar sista ce ta gyara min zama daga baya. Ki zauna a kujera ki ɗora ta a cinya tana fuskantarki, ƙirjinta a naki, ƙafafunta sun zagaye ƙugunki, hannun da za a soka ya fita ta ƙarƙashin hammatarki ya kwanta a kan tebur. Riƙo ne dai, amma ita runguma take ji. Hannun kuma ba ya fizga sosai, mai sokawa ya fi samun jijiya. Ki roƙi ma'aikatan da lalama tun kafin su ce a hau gado, galibi ba sa ƙi.

Sannan don Allah kar ki ce mata "ba zafi". Sau ɗaya za ta yarda, daga nan maganarki ta zube. Ni cewa nake yi zai yi zafi kamar cizon cinnaka, kafin mu ƙirga goma an gama. Kuma ki hana mutanen gida wannan ɗabi'a tamu ta "in ba ki yi shiru ba a kai ki a yi miki allura". Mu ke shuka tsoron da bakinmu, ranar asibiti mu zo muna mamaki. Yarona ya ɗauka in an sa kanula allurar ce ke kwana a hannunsa, sai da aka nuna masa ƙarfen fita yake, 'yar roba ce mai laushi take zama a jijiya. Tun daga ranar ya daina sandarar da hannu.

Akwai man shafawa mai kashe zafin fata, EMLA, haɗin lidokayin da firilokayin. Ba kowane kemis ke da shi ba, ki tambaya a manyan famasi, kuma ki fara jin ta bakin likitanta. Awa guda yake buƙata kafin ya kama, shi ya sa ba ya amfani in gaggawa ce. Ba mulkewa ake yi ba, ɗora shi ake da kauri a rufe da filasta, kuma gara wuri biyu, bayan hannu da lanƙwasar gwiwar hannu, ko da na farko ya ƙi. In an goge za ki ga wurin ya ɗashe, jijiyar ma takan ɗan shige, sai a jira 'yan mintuna. Ba a sa shi a kan rauni, kar ya shiga ido ko baki. Yaron da ke da matsalar jini ta G6PD, da jaririn da bai kai wata uku ba, kar a sa musu sai likita ya ce. Farasitamol kuwa ba ya hana zafin suka, kar ki wahalar da ita.

Da hunturu jijiyar yara ɓuya take yi. Ki sa mata rigar sanyi, ki dinga ɗumama hannun cikin tafinki kuna kan layi, ki ba ta ruwa ta sha sosai, sai dai in likita ya ce kar ta sha komai.

Masu goyo da ke karantawa, naku ya fi sauƙi: ku sa shi a nono kafin a soka, ya ci gaba da sha har a gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da wannan shawara a 2015 game da allurar riga-kafi. In ba hali, 'yan ɗigon ruwan sukari a harshe minti biyu kafin nan. Ban da zuma ga wanda bai shekara ba.

Lokacin sukar ki ba ta abin yi, ko hura balan-balan ko kallon waya. Amma ki lura da halinta, nawa shi sai ya kalli allurar hankalinsa ke kwanciya, in aka juya masa kai ne yake birkicewa. Ki bar ta ta zaɓi hannun da za a fara dubawa.

In an gwada sau biyu ba a samu ba, ki ce cikin ladabi a bari ta huta, a kira wani ya gwada. Ranar da aka soki nawa sau biyar ban san ina da bakin faɗin haka ba.