Kar ka ɗauki tsakiya tsakanin ruwa da metanol

Ɗana na ga saƙonka tun la'asar, ina hanyar dawowa daga Makka ne. Ka ce ka lissafa saurin bazuwar ƙwayoyin maganin (molekul ɗinsa da suka narke) a ruwa zalla, ka lissafa a metanol zalla, sai ka ɗauki tsakiya tunda rabi da rabi ka haɗa, wai ko ya yi? Wlh bai yi ba, ni ma da wannan kuskuren na fara.

Abin da ke riƙe ƙwayar shine kaurin ruwan da take iyo a ciki. A digiri 25 kaurin ruwa 0.89 cP ne (cP ma'aunin kauri ne), na metanol wajen 0.54, hankali zai ce maka haɗinsu 0.7, amma ina, sai ya haura wajen 1.6 don su biyun kama juna suke. Gobe in ka haɗa taɓa kwalbar za ka ji ta yi ɗumi, ga ƴan kumfa na tasowa, kuma ka duba matsin famfon HPLC ɗin (na'urar rarrabe sinadarai) yadda yake hawa in an zo tsakiyar haɗin sannan ya sauko, to kaurin nan ne kake gani da idonka. Kaga kenan bazuwar gaske kusan rabin abin da ka samu ce. Asetonaitril, wani ruwan sinadarin da ake haɗawa da ruwa, shi kwalbar sanyi take yi, kaurinsa da ruwa da kyar yake kai 1.

Ni dai lissafin Wilke da Chang na 1955 nake bi, D = 7.4×10⁻⁸ × √(φM) × T ÷ (η × V^0.6). D saurin bazuwar ne, M nauyin mol ɗaya na ruwan da ƙwayar take ciki, η kaurinsa, T zafi, V girman mol ɗaya na maganin (mol ma'aunin yawan ƙwayoyi ne). φ, lambar yadda ƙwayoyin ruwan ke kama juna, na ruwa 2.6, na metanol 1.9. φM ɗin haɗin ka lissafa shi bisa kason mol na kowanne ba da abin da silinda ta nuna ba, rabi da rabi a silinda metanol kusan kashi 30 ne kawai a mol. η kuma ka ɗauko wanda aka auna na haɗin, T a Kelbin.

Sai zafi, nan Jidda in mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ya tsaya ɗakin wani abu ne daban, ruwa a digiri 40 kaurinsa ya sauko 0.65, don haka zafin kolom (bututun HPLC da haɗin ke bi) za ka sa ba na ɗaki ba.

Kuma kar ka cika min lambobi biyar bayan ɗigo, kiyasi ne, kuskuren kashi 10 zuwa 20 ba abin mamaki ba ne. Ƙaramar ƙwaya a ruwa wajen 10⁻⁵ cm²/s take bayarwa, in ka ga naka ya yi nisa da nan to duba V. Ka taho da takardar gobe bayan azahar mu duba tare.