Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ƙarfen da ruwa ke kunna wa wuta

Tambaya: Malam, a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu na ga sodiyam a nutse cikin kananzir. Me ya sa? Kuma yaya ƙarfe mai haɗari da iskar kulorin mai guba suke haɗuwa su zama gishiri?
Daga wata ɗalibar sakandare

Amsa: 'Yata, duka tambayoyinki biyu sun rataya ne a kan ilektoron guda ɗaya, wato ɗaya daga cikin 'yan mitsitsin ƙwayoyin da ke zagaya cibiyar ƙwayar zarra. Ƙwayar zarrar sodiyam tana da ilektoron 11. Goma sun zauna daram a ciki, ɗaya yana zagayen waje shi kaɗai, kuma ƙwayar neman mai karɓarsa take yi. Ruwa yana karɓa, oksijin ɗin da ke cikin iska ma haka, amma kananzir ba ruwansa da shi. Shi ya sa ake ɓoye ƙarfen a ciki.

Taushinsa har wuƙa na yanka shi. Wurin yankan yakan yi ƙyalli kamar azurfa, kafin ki ƙifta ido ya dushe. In ya faɗa ruwa, sai iskar haidurojin ta fito, ruwan ya koma soda mai ƙuna, zafin kuma ya narkar da ƙarfen, tunda a digiri 98 na ma'aunin Celsius yake narkewa. Sai ki ga ya dunƙule yana zarya a saman ruwa. Fotasiyam, wani ƙarfe ɗan'uwansa, ya fi shi fushi, domin ilektoron ɗinsa na waje ya fi nisa da cibiya, riƙon ya yi sako-sako. Nan take yake kamawa da wuta mai launin shunayya. Masanin kimiyya Humphry Davy ne ya fara ware su biyun da lantarki a 1807.

Dangin halojin kuwa, wato fulorin, kulorin, buromin da aidin, ilektoron bakwai gare su a waje, ɗaya suke nema. A nan ƙaramin cikinsu ne ya fi zafi: fulorin, wanda sai a 1886 masanin kimiyya Henri Moissan ya iya ware shi. To, sodiyam ya miƙa, kulorin ta karɓa, kowa ya natsu. Giram 23 na sodiyam da giram 35.5 na kulorin suna ba da giram 58.5 na gishiri.

Tambaya: Ina so in nuna wa ɗalibaina gwajin sodiyam da ruwa. Me zan kiyaye?
Daga wani malamin kimiyya

Amsa: Malam, a kiyaye girma tukuna. Kada gutsuren ya wuce milimita 3 zuwa 4 ta kowace fuska. A ɗauko shi da hantsaki busasshe, ba da yatsa ba, domin gumin hannu ma ruwa ne. A goge man jikinsa, a rufe kwalbar ajiyarsa kafin a saka shi a faffaɗan mazubi mai ruwan sanyi. Kowa da tabaran kariya, ɗalibai a bayan garkuwa. Kada a yi a ƙunƙuntar kwalba ko a rufe mazubin, haidurojin zai taru ya fashe. In wuta ta kama, busasshen yashi za a zuba. Ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Tsohon fotasiyam da ya yi ɓawo ruwan ɗorawa kuwa, don Allah kada a kai masa wuƙa, yana iya fashewa a hannu.