Rini ba ya kama katakon da ke da tsohon banish

Tambaya: Ina da tsohon teburin cin abinci da na gada, banish ɗinsa ya dushe, wani wurin har ya ɓare. Ina so ya koma ruwan ƙasa mai duhu. In shafa rinin katako kai tsaye, ko fenti ya fi?

Amsa: Malama, kada ki shafa rini a kan tsohon banish. Rini sai ya ratsa cikin katako yake kamawa, shi kuwa banish ya riga ya toshe ƙananan ƙofofin jikin katakon. Rinin zai tsaya a sama yana danƙo, inda ya ɓare kuma katakon ya sha da yawa, teburin ya fito dabbare-dabbare.

In dai rini kike so, sai kin cire tsohon shafin kakaf. Fara da gwaji a ƙasan teburin: ɗiga sifirit, in shafin ya yi laushi, shelak ne, wato irin shafin da ke narkewa a sifirit, don haka sifirit ɗin ma ya isa ya wanke shi. In bai motsa ba, nemi maganin cire fenti, ki bar shi ya kumbura shafin, sannan ki kankare. Daga nan sai samfefa mai lamba 120, ki ƙarasa da 180 wadda ta fi ta laushi, kullum hannunki yana bin tsawon zanen katakon. Duk gogen da aka yi a karkace, rini zai fito da shi ɓaro-ɓaro.

Ki duba gefen teburin da kyau kafin ki danna hannu. Tebura da yawa siririn fallen katako ne aka manna a samansu, sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kuma in ya huje ba ya gyaruwa.

Fenti ya fi sauƙi: a wanke maiƙo, a kashe ƙyallin da samfefa 220, a sa firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, sannan fenti. Amma ni dai ina jin takaicin a rufe katako mai kyan zane da fenti, ballantana na gado.

Bayan rinin ya bushe sarai, ki yi shafin banish siriri sau 3, kina ɗan gogewa da samfefa 320 a tsakani. Ki yi aikin inda iska ke shiga, da takunkumi a hanci. Tsumman da ya sha rini ko banish mai haɗin mai kuma kada a dunƙule shi a ajiye, yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a tsoma a ruwa.