Hukuncin Kayan Dafa Giya da Yis Ɗinta Bayan Mutum Ya Tuba

Tambaya: Malam, a da ina dafa giya a gida, Allah Ya shirye ni na daina. Kayan suna nan: tukunyar ƙarfe, kwalabe, bokitin roba da tiyo. Akwai kuma yis ɗin da nake kwasowa daga gindin bokiti in adana a firij saboda dahuwa ta gaba. Ya halatta in wanke kayan in yi girki da su, yis ɗin kuma in kwaɓa burodi da shi?

Amsa: Allah Ya karɓi tubarka, Ya tabbatar da dugaduganka.

Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce, ko da yake Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad sun ce haramun ce amma ba najasa ba. Wanki kuwa yana tsarkake mazubi. Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi (SAW) game da mazuban Ma'abota Littafi, waɗanda a ruwayar Abu Dawud suke shan giya a ciki. Aka ce masa idan bai sami wasu ba ya wanke su da ruwa ya ci a ciki.

Saboda haka ƙarfe da kwalba ba su da matsala, tunda ba sa tsotsar abin da aka zuba. Ka wanke da sabulu, sannan ka ɗauraye da ruwa zalla har launi da ɗanɗano da wari su gushe. Kada ka dogara da maganin kashe ƙwayoyin cutar da masu dafa giya ke fesawa: a wurin Malikiyya ruwa mai tsarki kaɗai ke ɗauke hukuncin najasa. Bokitin da cikinsa ya kakkarce, da tiyon da ya riƙe wari duk yadda aka wanke, ka zubar da su. Na kwatanta su da tukunyar ƙasa mai tsotsa, wadda Shehu Khalil, malamin Malikiyya, ya ce ba ta tsarkaka idan najasa ta ratsa ta. Kuma kada ka sayar wa wanda ka san giya zai dafa, domin taimakekeniya ce a kan saɓo.

Shi yis a karan kansa halitta ce mai tsarki. Jinsi ɗaya ne ke tayar da burodi ya kuma ruɓar da giya: yana cin sukari, ya fitar da iska da sinadarin maye. Na fakiti da ake sayarwa halal ne. Amma wancan kaurin da ya kwanta a gindin bokitinka jiƙe yake da giya, ɗauraya kuma ba ta raba su gaba ɗaya. Malaman Hanafiyya, duk da sassaucinsu wajen mayar da giya khal (wato vinegar), sun hana cin gurasar da aka kwaɓa da giya. Da Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da marayu suka gada, cewa aka yi ya zubar, alhali dukiyar marayu ce. Naka yis bai kai wannan daraja ba, ka tuttular da shi ka sayi sabo.

Wallahu a'alam.