Hukuncin Zaga Daji da Tsofaffin Garuruwa Mutum Shi Kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna. A hutun ƙarshen shekara ina so in hau babur ni kaɗai in zaga Zariya da Turunku da Nok, daga nan in shiga dajin Kamuku in kwana. Mahaifiyata ba ta so, wani abokina kuma ya ce matafiyi shi kaɗai shaiɗan ne. Mene ne hukuncin tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, fita don ganin ƙasa da kufan mutanen da suka shuɗe abu ne halal. Allah Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance, kamar a Ali Imrana aya ta 137. Duk wanda ya tsaya gaban ganuwar Zazzau, ko ya shiga tsohon masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, to ya samu abin lura. Sai dai a duwatsun Kufena da Turunku ka tsaya a kan kallo da tunani, ban da neman tubarraki da dutse ko kabari.

Maganar abokinka tana da asali. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce mahayi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu ne, uku su ne ayari. Buhari kuma ya ruwaito daga Ibn Umar cewa da mutane sun san abin da Annabi ya sani game da kaɗaici, da babu mahayin da zai yi tafiyar dare shi kaɗai. Amma Annabi da kansa ya aiki Zubairu ɗan Awwam shi kaɗai ya leƙo asirin abokan gaba a yaƙin Khandaƙ. Shi ya sa Imam Ɗabari ya ce wannan hani na ladabi ne da shiryarwa, ba na haramci ba. Dalilinsa a fili yake: wanda yake shi kaɗai, in ciwo ya kama shi babu mai jinya, in ya mutu babu mai yi masa sutura, kuma Shaiɗan ya fi samun ƙofa a kansa.

Hukunci yana bin dalilinsa. Wanda ya shiga motar haya daga tashar Kawo zuwa Zariya da rana ba shi kaɗai ba ne, ko da bai san kowa a motar ba, fasinjoji sun zame masa ayari. Wannan babu laifi. Tafiya a babur ta hanyar ƙauye zuwa Turunku ko Nok ba abokin tafiya makaruhi ce, da dare kuwa karhancin ya fi tsanani.

Kamuku kuwa, a nan nake so ka saurare ni da kyau. Dajin yana yankin Birnin Gwari, kuma babu ɗan Kaduna da bai san abin da 'yan bindiga suka yi wa mutanen wannan yanki ba. Jirgin ƙasa ma, da ɗaruruwan fasinjojinsa, an tare shi a hanyar Abuja ranar 28 ga Maris, 2022, balle mutum ɗaya a kan babur. Matuƙar zaton halaka ko garkuwa ya rinjaya, shiga wurin haramun ne, saboda faɗin Allah a Baƙara aya ta 195 cewa kada ku jefa kanku ga halaka. Kuma ba kai kaɗai za ka cutu ba. Mun ga gidajen da suka sayar da gona da shanu don kuɗin fansa, har yau ba su miƙe ba. Jefa kai cikin irin wannan haɗari ba tawakkali ba ne.

Sannan ga mahaifiyarka. Annabi ya mayar da mai neman zuwa jihadi ya koma ga iyayensa, ina ga yawon hutu? Tunda hanin nata don tsoron lafiyarka ne, bin ta wajibi ne. Ka zauna da ita, ka cire daji daga shirin, ka nemi abokai biyu na kirki, ku naɗa ɗayanku shugaba kamar yadda sunna ta koyar. In ta yarda, ku tafi da rana, ku kwana cikin gari. In ta ƙi, ka haƙura da tafiyar bana.

Wallahu a'alam.