Amsa ga mai neman yadda zai auna ƙwazon ma'aikatansa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan ƙarin girma, ya taya ka riƙo. Idan na fahimce ka, an ba ka shugabancin sashe, an ce a ƙarshen shekara kai za ka cike takardar tantance aikin kowa, ga shi ba ka san da me za ka auna su ba, kuma kana gudun a ce ka yi son kai. Na daɗe ina shan wannan ɗawainiya, bari in ba ka abin da na gani.

Kada ka jira Disamba. Cikin makon nan ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ku daddale kan abu uku ko huɗu da kowa zai cim ma, a rubuta, ku sa hannu. Ka bar ma'aikacin ya fara kawo nasa kafin ka faɗi naka, domin mutum ya fi tsayawa kan abin da ya fito daga bakinsa. Tun a 1954 Peter Drucker, masanin harkar tafiyar da ma'aikata, yake cewa shugaba da na ƙasa da shi su haɗu su tsara manufofin aiki tare, amma har yau shugabanni da dama a ofishinsu suke rubutawa su aiko a sa hannu.

"Ka ƙara himma" ba manufa ba ce. Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Edwin Locke ya yi a 1968, da wanda suka ci gaba da yi da abokin bincikensa Gary Latham, ya nuna cewa manufa takamaimai mai ɗan wuya ta fi sa mutum aiki a kan a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa. Misali, maimakon "a hanzarta biyan 'yan kwangila", ka rubuta cewa takardar neman biya ba za ta wuce kwana biyar a teburinsa ba, daga yanzu zuwa ƙarshen Yuni. Kowa ya san abin da ake nema, da ranar da za a duba.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne alƙaluma. Duk lambar da ka rataya wa mutum, musamman in albashinsa ko kujerarsa ta dogara da ita, zai nemo hanyar cika ta, ko aikin ya gyaru ko bai gyaru ba. A wani wuri da na yi aiki, an ɗora wa masu karɓar koken abokan ciniki adadin koken da za su rufe a rana. Nan da nan alƙaluma suka yi kyau, shugabanni na ta murna, ashe rufewa kawai ake yi ba tare da an warware matsalar ba, mutum ya dawo gobe a buɗe masa sabon fayil, a sake rufewa, a sake ƙirgawa. Babu wanda ya yi ƙarya a takarda, abin da aka ce su yi shi suka yi. Irin wannan ne ya kai bankin Wells Fargo na Amurka ga abin kunya a 2016: an matsa wa ma'aikata lamba kan adadin asusun da za su buɗe, suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, aka ci tarar bankin dala miliyan 185, kuma ya bayyana cewa an sallami ma'aikata kusan 5,300 a kan lamarin. Saboda haka duk manufar da ke ƙirga yawa, ka haɗa ta da wata mai duba inganci. In ana ƙirga koken da aka rufe, a ƙirga nawa ne suka sake dawowa. Kuma ka tabbata abin da za ka auna yana hannun mutumin. Zalunci ne ka rage wa mai sayarwa maki alhali kaya ne ba su iso ɗakin ajiya ba.

Bayan an rubuta, kada takardar ta kwana a durowa har shekara ta ƙare. Duk wata ka zauna da kowa na ɗan lokaci: ina aka kwana, me ya tare hanya, me yake buƙata daga gare ka. Ka rubuta layi biyu ko uku bayan kowane zama. Wannan ɗan rubutun ne zai cece ka daga zargin son kai, don in babu shi, abin da ya faru a makonnin ƙarshe kaɗai za ka tuna, wanda ya yi ta fama tun Janairu ya tashi a tutar babu. Kamfanin Adobe mai yin manhajojin kwamfuta ma a 2012 ya yi watsi da tantancewar shekara-shekara ya koma irin wannan zama da ake yi a kai a kai. In yanayin aiki ya sauya, a sauya manufar a rubuce, babu laifi.

Ranar tantancewa, ka ba shi dama ya fara auna kansa, sannan ku ɗora nasa a kan naka. Bai kamata ya ji wani laifinsa a karon farko a wannan rana ba. Wanda ya gaza kuwa, kafin ka sa masa maki ka bincika: bai iya ba ne, ko ba a ba shi kayan aiki ba, ko kuwa ƙi ya yi? Na farko koyarwa yake buƙata, na biyu gyaran yana wuyanka, na ukun ne kaɗai ya cancanci takardar gargaɗi, ita ma bayan ka yi masa magana baki da baki.