Shin murabba'i ma rektangul ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko malaminku ya yi daidai da ya ce murabba'i rektangul ne. Ƙwarai kuwa, gaskiyarsa.

Sharaɗin rektangul shi ne gefe huɗu da kusurwa huɗu, kowace digiri 90. Murabba'i ya cika wannan, ya kuma ƙara da daidaita tsawon gefunansa duka. Ta nan ne ya zama rombus ma, domin rombus daidaiton gefe kawai yake nema, kusurwa ko ta karkace. Amma fa ba a juya maganar: dubi ƙofar ɗakinka, rektangul ce, tsayinta ya fi faɗinta, don haka ba murabba'i ba ce.

Dukkansu ukun paralelogiram ne, wato gefuna masu fuskantar juna ba sa haɗuwa komai jan da ka yi musu. Jimillar kusurwoyin kowannensu kuma digiri 360 ce.